Ƙoƙon Baba da Idon Ƙanena

Gidanmu gidan wanzamai ne, a wani ƙauye arewa da Bagwai, inda gonaki suka matsi juna har ba a gane iyaka sai da layin gamba ko wata aduwa da kakanni suka bari. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan abin da na tsinta wurin limamin garinmu bayan na girma. Saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru. Magana ce a kan ƙanena, wanda ya rasu shekaru masu yawa da suka wuce, da wani abu da na gani ban faɗa ba.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, kuma na girmi ƙanena da shekara huɗu. Ni na fara riƙe aska. Ni na fara kafa ƙaho a bayan mutum. Ina faɗin wannan ne don a san daga inda abin ya taso.

Idan bazara ta kama, kafin ruwan shuka, manoma sukan zo a yi musu ƙaho, a fitar da mataccen jini, jiki ya yi sakayau kafin a ɗauki fartanya. Musulmin garinmu da Maguzawan ƙetaren rafi duk a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suke zama, kowa da rigarsa a cinya. Sauran wanzaman ƙasarmu, duk wanda ya zo sai su kafa masa. Baba bai yarda da haka ba. Yakan ce akwai wanda jini ya yi wa yawa, akwai wanda ya yi wa kaɗan, kuma su biyun kuka ɗaya suke zuwa da shi: kai yana sara, jiki ya yi nauyi, ido yana ganin duhu idan an miƙe. Wanda jininsa ya yi kaɗan, in ka ƙara ɗebe masa, ciwon ka taimaka wa. Don haka ƙaho ɗaya ƙarami yake fara kafawa, na gwaji, ya auna jinin da ya fito, sannan ya san ko zai ci gaba.

Awon iri biyu ne. Na farko da ƙoƙo ake yi. Baba ya raba wani ƙaramin duma gida biyu daidai, ya kankare cikinsu. A zuba jinin gwaji a ɗaya, a rufe da ganye, a ajiye a inuwa. Bayan kamar lokacin da mace za ta ɗauka ta surfa gero ta wanke, jinin ya daskare ya zama guda, gudan ya tsuke ya saki wani ruwa mai rawaya-rawaya. Sai a tare gudan da tsinke, a tsiyaye ruwan cikin ɗaya ƙoƙon, a jera su a duba. Mai isasshen jini, gudansa yakan kai ruwansa ko ya fi shi. In ruwa ya rinjayi guda, an gama, ba a ƙara ƙaho ko ɗaya. A sallami mutum ya je ya ci hanta da zogale da rama, ya sha nono, ya dawo bayan wata biyu.

Na biyu da fata ake yi. Guntayen fata uku ne da wani badukun birni ya rina wa Baba da karan dafi, aka ɗinke su a jere. Ta farko ja ce mai duhu, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku ta koɗe kamar ruwan da aka wanke nama. A ɗiga jini a farar auduga, a kara shi kusa da su, a ga wadda ya yi kama da ita. Wannan ba ya cin lokaci, amma yana son ido.

Ni ban taɓa iya fata ba. Ta farko da ta biyu a wurina kusan abu ɗaya ne, kuma jini a auduga yana sauya launi kafin in gama shawara. Ƙanena kuwa tun ranar da aka fara nuna masa ya gani. Yakan ɗaga audugar, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Wannan bai kai ta tsakiya ba, saura kaɗan." Baba ya sa a jira ƙoƙo, ƙoƙo ya faɗi abin da ya faɗa. Baba ba mai yabo ba ne. Abin da yake yi kawai shi ne ya ce, "To," ya ɗan jinjina kai. Na yi shekaru ina aiki a gefensa ban samu wannan "to" ɗin ba sai jefi-jefi.

Da yanar ido ta fara rufe ganin Baba, ya daina fita tsamiya, ya koma zama a zaure yana jin muryoyi. Ya kira mu ya raba mana kaya. Aska da ƙahoni kowa ya samu nasa. Fatun nan uku ya miƙa wa ƙanena. Ni ya ba ni ƙoƙo. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. A raina kuwa na ce an ba wa mai gani abin gani, an ba ni abin jira.

Daga nan layi ya rabu biyu a gindin tsamiya, kuma ba a daɗe ba nawa ya gajarce. Mutanen gari suka sa wa ƙanena suna mai ido. Har jakadan hakimi, in ya zo ƙauyenmu, shi yake aika a kira.

Akwai wani dattijon Bamaguje daga ƙetaren rafi, babban manomi, mai rumbuna da yawa da bakin barkwanci, wanda tun zamanin Baba ba ya fashin ƙahon bazara. Wata shekara layin ƙanena ya yi tsawo, sai ya zo ya zauna gabana. Na kafa na gwaji, na zuba a ƙoƙo, na rufe. Ya zauna, ya gyara zama, ya sake gyarawa.

"Babban ɗan wanzam," ya ce, "wannan tuwon naka yaushe zai nuna?"

"Saura kaɗan, Baba," na ce wa dattijon.

"Bara ma haka ka ce wa maƙwabcina. Ya dawo gida ya tarar jikarsa ta yi aure."

Mutane suka yi dariya. Ƙanena, yana goge aska a can gefe, ya ce, "Ku bar mini Yaya. Shi ko fura aka ba shi sai ya ajiye ya ga ko ruwa zai rabu da guda."

Aka sake dariya, ni ma na yi. Dattijon ya ce, "Auta, zo ka leƙa mini don darajar tsohonka, ina da taki ban kai gona ba." Ƙanena ya zo, ya dangwali jinin da auduga, ya kara, ya ce ja ne mai kyau, a kafa masa shida. Ya dafa kafaɗata ya koma wurinsa. Da lokacin ƙoƙo ya yi na buɗe ni kaɗai. Guda ya fi ruwa. Babu wanda ya tambaye ni.

Ba mugunta yake yi mini ba, wannan na sani ko a lokacin. In ya samo goro daga kasuwar Kunci ni yake fara ba wa. In aka ba shi ɗan akuya a gidan suna, cinya ɗaya gidana take zuwa. Da ya raina ni a fili da abin ya zo mini da sauƙi, da na samu abin riƙewa.

Sai na shiga wata ɗabi'a da ban taɓa gaya wa kowa ba. In ya gama duba jinin mutum ya zubar da na gwajin a kasko, sai in faki ido in kwashi kaɗan a ƙoƙona, in kai bayan tsamiya in rufe. Ina neman ranar da ƙoƙo zai ƙaryata fata. Na yi wannan bazara bayan bazara, har na daina lissafi. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Kullum in buɗe ganyen da fata a raina, in rufe da ƙyashi, in wanke ƙoƙo in koma in ci gaba da aski.

Shekarar da abin ya faru, ƙanena ya yi zazzaɓi sau biyu da kaka, ya tashi, ya yi rani yana ban-ruwan albasa a fadama, ƙafa cikin taɓo tun safe. Ya ɗan rame, amma dariyarsa ba ta ragu ba, don haka babu wanda ya kula. Rannan bayan la'asar, mutane sun watse, ina tattara kaya, sai ga shi.

"Yaya, hannunka ya gaji?"

"Me ya faru?"

"Ƙeyata ce. Kwana uku ke nan kamar an kife mini turmi. In na sunkuya na ɗago sai gari ya juya. Ka kafa mini takwas. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba na son shuka ta same ni a kwance."

Ya tuɓe riga ya zauna a kan turmin da muke zaunar da mutane, ya ba ni baya. Wanzami ba ya yi wa kansa ƙaho, dole ya nemi wani, kuma ni ya nema. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata. Na lura tafin hannunsa da ya ɗora a gwiwa ya yi fari, amma ban tsaya a kai ba. Na kafa ƙaramin ƙaho, na zuƙa, na toshe, na cire, na yi tsaga, na mayar. Jinin ya zo da sauri, ba kauri. Na juye a ƙoƙo na rufe da ganye.

Abu ɗaya nake jira. Ina jira ya ce, Yaya, me ka gani?

Maimakon haka sai ya jawo zabirarsa, ya fito da fatun, ya miƙa hannu baya ya dangwali tsagar da auduga. Baba yana da doka biyu a kan fata, kuma mu duka mun san su. Ba a duba ta sai da hantsi, a inuwa, domin ranar yamma tana ƙara wa komai ja. Kuma mutum ba ya duba jininsa, domin abin da yake so shi zai gani. A lokacin rana ta yi ƙasa, haskenta yana shigowa ta ƙarƙashin rassan tsamiya ya kwanta a kan audugar.

"Ta tsakiya ce," ya ce. "Har ta ɗan ɗara. Ci gaba, Yaya, kada magariba ta same mu muna gadin ƙoƙo."

"Baba ya hana mutum duba nasa."

"Baba ya hana wanda bai iya ba." Ya yi dariya, ya gyara zama. "Yi haƙuri, wasa nake. Kafa kawai."

Na ɗauki aska na fara wasa ta a wata tsohuwar fata, a hankali, ko da yake tana da kaifi. Na aske masa ƙeya inda ƙaho zai zauna. Na wanke ƙahonin ɗaya bayan ɗaya. Yana ta ba ni labarin wani Bafillace da ya so ya biya aski da rabin ƙwarya ta nono, wai rabin kai kawai aka aske masa da kyau. Ina amsawa da "uhm". Na ja lokaci da gangan har ƙoƙo ya isa buɗewa. Sannan na juya, bayansa yana gare ni, na ɗaga ganyen na tsiyaye.

Ruwan ya kusa cika ɗaya ƙoƙon. Gudan da ya rage bai fi ƙwallon magarya biyu ba, shi ma launinsa ya koɗe. Tunda nake ban ga ruwa ya rinjayi guda haka ba sai a wata mai jego da aka taɓa kawo wa Baba a kan jaki.

Farin ciki ne ya fara zuwar mini. Na rubuta wannan, na so in kankare, na bar shi. Ranar da na yi shekaru ina nema a bayan tsamiya ita ce ta zo, kuma a jinin mai idon kansa. Nan take na tsara yadda za ta kasance. Zai kwana biyu ko uku yana jiri. Sai in shiga zaure, gaban Baba da duk wanda ke nan, in ce ai ƙoƙo ya faɗa, fata ce ta ruɗe shi. Sai Baba ya ce "to". Iyakar abin da na nufa ke nan. Ban hango gaba da kwana uku ba, kuma ban so in hango ba.

Na zubar da ƙoƙon a gindin tsamiya na tura ƙasa da ƙafa.

Daga zaure Baba ya ɗaga murya. Kunnensa bai tsufa ba, ya ji muryar ƙanena, ya ji ƙarar ƙahoni.

"Wa ake yi wa?"

"Auta ne, Baba."

"Me ƙoƙo ya ce?"

"Mai ido ya riga ya duba, Baba."

"Nasa ya duba?"

"Lafiya lau ne, Baba," in ji ƙanena. "Nauyin bazara ne kawai."

Baba ya yi wani ɗan gunaguni, bai ƙara ba. Na kafa takwas ɗin, huɗu a kafaɗu, biyu a ƙeya, biyu a gadon baya. Da suka cika na juye su, na sake mayarwa kamar yadda ake yi wa ƙaƙƙarfan manomi. Da na gama na shafe tsagar, ya miƙe, sai ya kama jikin tsamiya ya tsaya kaɗan, ido a rufe.

"Askarka ta fi tawa zafi, Yaya," ya ce. Ya sa riga ya shiga gida.

Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka, aka fita shuka. Ya fita da kowa. Na zuba ido in ga ya kwanta don in yi maganata, bai kwanta ba, sai dai yakan tsaya tsakiyar kunya ya dogara da sungumi yana haki. Kowace safiya in ce yau zan faɗa masa ya bar gona ya ci hanta. Amma faɗin haka yana nufin faɗin yadda aka yi na sani, da lokacin da na sani. Sai in bari sai gobe. Ranar noman farko ya faɗi a gona, aka ɗauko shi a kan ƙyauren kara.

Daga nan ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Na shiga zuwa kasuwar Kunci duk ranar da take ci, in sayo hanta tun da ɗuminta, in tsinko zogale, in kai wa matarsa. Ta ce, "Yaya, Allah ya bar zumunci, ko uwa ɗaya uba ɗaya ba kowa ke yin haka ba." Na ce ta dafa da ɗan gishiri kada ta cika yaji. Yakan ci loma biyu ya ture. Cikinsa ya riga ya daina karɓa.

Wata rana da hantsi ina zaune bakin gadonsa ina yi masa fifita, matarsa ta fita ɗebo ruwa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Yaya, ina ta tunanin ranar nan. Ina jin idona ya yaudare ni. Rana ta yi ja, ni kuma ina sauri." Ya numfasa. "Da na jira ƙoƙonka."

Maganar da na yi shekaru ina son ji ke nan, da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi. Na ji ta ta shiga, ban sami inda zan ajiye ta ba. Ga ƙofa a buɗe, in ce masa ƙoƙon ya yi magana, ni na rufe bakinsa da ƙasa. Na ce, "Abin da Allah ya ƙaddara ne. Sha ruwa."

Ya sha. Ya ce in ɗauki fatun daga zabirarsa in ajiye, kada ɓera ya ci.

Ya rasu da gero ya fara fitar da kai, ranar wata Laraba da safe. Ni na yi masa wanka tare da liman. Tabon tsaga takwas ɗin suna nan a bayansa, sun warke sarai, a jere, aiki mai kyau.

Ban sani ba ko ƙahona ne ya kashe shi. Ciwon yana jikinsa tun kafin ya zauna a turmin, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa, kuma gaskiya ne. Abin da na sani shi ne mutum ya zo mini da jini kaɗan, na gani da idona, na ƙara ɗebe masa, sannan na bar shi ya yi kwanaki yana noma.

Bayan sadakar bakwai, masu gaisuwa sun ragu, na kai wa Baba kunu a zaure. Ya karɓi ƙwaryar bai sha ba. Idanunsa farare suna kallon wajen ƙofa.

"Na tambaye ka wani abu rannan," ya ce, "ka ba ni amsar wani abu dabam. Me ƙoƙo ya ce?"

Na durƙusa. Na ce, "Ruwa ya rinjayi guda, Baba. Da nisa."

"Kafin ka kafa ka gani, ko bayan?"

"Kafin."

Bai tambaye ni dalili ba. Ina jin ya san shi tun kafin ni.

"Ido yakan gaji," ya ce. "Yakan so mutum, yakan yi sauri. Na san wata rana nasa zai kuskure, ko a kan wa. Shi ya sa na ajiye ka a gefensa da ƙoƙo."

Ya miƙo mini ƙwaryar kunun ya ce ya ƙoshi. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya bayan shekara biyu, kuma bai gaya wa kowa ba. Bai daina amsa gaisuwata ba. Amma "to" ɗin nan ban sake jin sa daga bakinsa ba, a kan komai.

Bazarar da ta biyo, layi ya koma ɗaya a gindin tsamiya. Dattijon Bamagujen nan ya zo, ya ɗan faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya zauna. Na kafa na gwaji na rufe ƙoƙo. Ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan halinsa ya motsa.

"Allah ya ji ƙan auta," ya ce. "Da shi ne da tuni ina gona."

Na ji ƙyashin nan ya taso mini, shi dai, bai sauya ba, a kan mutumin da ni na sa a rami. Na bar shi ya taso ya kwanta. Fatun suna rataye a zabirata, har yau ban iya su ba, kuma sun koɗe yanzu, ukun sun kusa zama ɗaya. Da lokaci ya yi na buɗe ganyen na tsiyaye, na jera ƙoƙunan a gabansa inda zai gani.

"Baba, ruwa ya fi guda. Ba zan kafa maka ba bana."

"Ni? Shekara nawa ina ƙaho a nan?"

"Na sani. Ka je a yanka maka ɗan akuya ka ci hantar, a dafa maka zogale kullum. Ka bar wa 'ya'yanka noman farko. Bayan wata biyu ka dawo mu sake aunawa."

"In na tafi wurin wanzamin Bagwai fa? Shi ba ya dafa jini kafin ya yi aiki."

"Sai in bi ka can in faɗa masa abin da na gani."

Ya dube ni, ya dubi ƙoƙunan, ya tura ɗan gudan da tsinke ya ga ƙanƙantarsa. Ya jawo rigarsa ya sa, yana mita a kan akuyar da za a yi asara. Na wanke ƙoƙo, na kira na gaba.